Da Fensir Na Rubuta Shi

Masu cika mini akwatin saƙo da cewa na faye taurin kai, na ji, kuma ban musa ba. Amma ku bari in ba ku labarin makon da ya wuce tukuna, in ya so sai ku yanke mini hukunci da hujja a hannu.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, shekarata ashirin da bakwai, ni ce auta a gidanmu, kuma a kantin magani nake aiki daga takwas na safe zuwa shida na yamma. Rabin aikina duba wa'adi ne. In ɗauko kwali, in juya gindinsa, in karanta watan da zai mutu, in jawo na kusa gaba, in tura na nesa baya. Ɗaya aikin nawa, wanda Umma take kira cacar Auta, a waya nake yin sa lokacin hutun cin abinci, a kan wata kujerar roba da ke bayan firjin allurai. Hannun jari nake saya. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Bidiyo ne da karatu, sai asara, kuma ita ce babbar malamar.

Shekarar farko na shiga wani rukuni na waya inda wani mai hoton mota yake cewa a sayi kaza, a sayi kaza. Abin da na tara a wata goma sha ɗaya, a kwana tara ya tafi. Na shiga banɗakin kanti na yi kukana, na wanke fuska, na fito na sayar wa wata tsohuwa maganin tari. A hanyar gida na sayi baƙin littafi mai roba a baki, da fensir, da biro.

Tun daga ranar, duk cinikin da zan shiga sai na rubuta layi uku. Me ya sa zan shiga. Nawa zan iya rasawa in yi barcina lafiya. Me zai faru in fita, ba tare da na tsaya jayayya da kaina ba. Mafi yawan kuɗina yana kamfanonin da ba su da daɗin labari, masu sabulu da siminti da wutar lantarki, ina ƙara kaɗan duk ƙarshen wata. Ɗan abin da ya rage shi nake kai wa opshan. Opshan kamar kafin alƙalami ne. Ka ba da ɗan kuɗi a riƙe maka farashin hannun jari zuwa wata rana. In farashin ya tashi kafin ranar, ɗan kuɗin nan sai ya ninka, wani lokaci har sau uku ko huɗu. In bai tashi ba ranar ta zo, ya mutu murus, kamar maganin da wa'adinsa ya wuce, ko kyauta ba mai karɓa. Shi ya sa ban taɓa sa masa fiye da kashi biyu cikin ɗari na abin da na mallaka ba.

To ga inda fensir ya shigo. Duk dabarar da ban gama yarda da ita ba, da fensir nake rubuta ta, ba na sa mata ko sisi. Ina bin ta wata uku kamar da gaske. In ta ci jarrabawa sai in bi kan rubutun da biro, kuma ranar ce kuɗi yake shiga. Shekara huɗu ke nan a haka, kuma alhamdulillahi ni na sauya wa Umma injin wanki, ni na biya kuɗin gilashin idon Baba, ban ranci na kowa ba. Ba na riƙe wa kowa kuɗi, ba na ce wa kowa sayi kaza, kuma littafina ba ya shiga hannun kowa.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri. A shafin ƙarshe na littafin nan akwai mutum.

Wata bakwai da suka wuce firjin kantinmu ya tsaya, allurai suna ciki, mai kantin tana ta salati. Aka kira wani mai gyara, dogo, mai shuɗiyar riga da jaka mai zif biyu, ɗaya ya lalace an ɗaure shi da waya. Mai kantin ta riga ta ƙirga kuɗin sabuwar kwamfuresa ta ajiye a kan kanta. Ya durƙusa minti goma, ya miƙe ya ce, "Hajiya, fis ne kawai," ya karɓi kuɗin da bai kai na shayi biyu ba. A wayata na sa masa Mai Firji, a gidanmu kuwa Injiniya suke ce masa. Ranar da ya fara zuwa gidanmu na buɗe bayan littafin na rubuta Mai Firji a sama, a ƙasa layi uku. Dalilin shiga, ya ce fis ne. Abin da zan iya rasawa, zuciyata da kuma surutun gida. Sharaɗin fita, ranar da ya sa hannu a kuɗina ko a littafin nan ba da sanina ba. Da fensir na rubuta duka, kuma wata uku suka wuce, shida suka wuce, ban bi kai da biro ba. Ina son sa, wallahi ina son sa, tsoro ne kawai irin na wanda ya taɓa ƙonewa.

An tsayar da Asabar iyayensa za su zo wajen Baba. Abu ɗaya ne ya tsaya wa Umma a rai. Ya ce aure sai nan da wata shida, don bai gama haɗa kuɗin hayar gidan da za mu zauna ba. Kullum in tana guga a falo, tana danna wuyan rigar Baba da babban yatsan nan nata mai tabon dutsen guga, maganar ke nan.

"Wata shida! Ke kina da kuɗi a waya suna kwance, shi yana wahala da firjin mutane."

"Umma, ba kwance suke ba, aiki suke."

"Aikin caca."

Ranar Talata da yamma ya zo. Na fito da doguwar riga ruwan toka da mayafi mai ɗigo-ɗigo, na kawo masa ruwa a kofin gilashi mai zanen ganye, wanda ba a fito da shi sai don baƙi. Tun daga yadda ya zauna a bakin kujera na san da magana. Haƙoransa duk a waje.

"Malama, yau na zo da albishir. Wata shidan nan ya zama wata biyu."

"An ba ka kwangila ne?"

Ya miƙo mini waya. Na duba. Manhajar dillalin hannun jari ce, sabon asusu, ciniki ɗaya tak a ciki. Opshan na wani kamfanin batir, wa'adinsa Juma'ar makon nan, ribar kashi saba'in cikin ɗari tana walƙiya da kore. Kamfanin, farashin, ranar, duk na san su kamar sunana. Shafi na hamsin da biyu ne a littafina.

"Wa ya ba ka wannan?"

Dariyar ta ragu. "Na gani ne."

"A ina?"

Ya kalli ƙofar ɗakin Umma, ya kalli kofin ruwan, ya ce, "A littafinki. Hoto na ɗauka."

Nan take na tuna. Mako biyu da suka wuce na manta littafin a gida, kuma ranar ce ya zo duba fankar falo ina wurin aiki. Na daure na yi tambayar da ta fi muhimmanci.

"Nawa ka sa?"

"Kuɗin hayar."

"Nawa daga ciki?"

"Duka."

Jama'a, na ce inna lillahi a fili. Guminsa na shekara guda da rabi, hawa tsani da shaƙar gas, ya ɗora a kan abu ɗaya da zai mutu nan da kwana uku.

"Gobe kafin a rufe kasuwa ka sayar. Jibi da safe kamfanin zai fitar da rahoton ribarsa. Ba a kwana da opshan a daren rahoto, in ya zo ba daɗi, kafin ka gama wanke baki kuɗinka ya zama toka."

"Amma ke da kanki kika rubuta zai tashi."

"Da me na rubuta?"

"Kamar yaya da me?"

"Da fensir na rubuta! Fensir gwaji ne. Ban sa ko sisi a abin nan ba. Irinsa goma na bi, bakwai mutuwa suka yi. Abin da na yarda da shi da biro yake."

Ya sunkuyar da kai. Na ɗauka tsoron kuɗin ne ya kama shi.

"Wato duk abin da ke fensir a littafin nan, ba ki yarda da shi ba ke nan?"

"Ko kaɗan," na ce, don raina a ɓace yake.

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya shanye ruwan, ya ajiye kofin ba ƙara, ya ɗauki jakarsa. A bakin ƙofa na ce masa, "Kuma ka sani, maganar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Ka taɓa abin da na ce ba a taɓawa." Ya ce, "Na sani," ya fita.

Ina juyowa na tarar da Yaya a tsaye a bakin labule, jaririnta a kafaɗa. Yayata ce, ta zo kwana biyu don shirin Asabar, kuma kunnenta ya fi na kowa aiki a gidan nan.

"Ke Auta, kanki ɗaya kuwa? Mutum ya zo miki da riba kin kore shi kamar ya zo da bashi?"

"Yaya, ɓarawon da ya ci riba ai ya fi wanda ya yi asara haɗari. Gobe zai dawo."

"Ɓarawo kuma? Littafi ne fa, ba zinare ba."

Umma ta fito ta tsaya a gaban teburin guga ba ta ce uffan ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Sai da muka ji ƙauri. Ta ɗaga dutsen gugar, ga shatinsa baƙi ƙirin a bayan farar rigar Baba.

"Ki bar yaron nan," ta ce ba ta kalle ni ba. "Ki bar shi haka nan, ba shi da laifi."

"Umma, da bakinsa ya faɗa."

Baba ya sauke gilashinsa daga kan jaridar da yake karantawa. Shi ba mai yawan magana ba ne. "Auta, mutane za su zo mini ranar Asabar. In ce musu me?"

"Baba, ka ba ni zuwa Juma'a."

"Juma'a da yamma," ya ce, ya mayar da gilashin.

Ranar Laraba na yi aiki kamar inji. Na jera kwalayen maganin zazzaɓi sau biyu, na ba wani mutum canji ya wuce sai da ya dawo mini da shi. Lokacin hutu na zauna bayan firjin da ya gyara, yana ta gurnaninsa lafiya lau, na rubuta masa:

"Biyar ake rufewa."

Ya karanta, bai amsa ba. Farashin yana ta hawa a hankali, kashi saba'in ya zama tamanin. Na san abin da yake ji, don na taɓa jin sa. Hannunka yana kan maɓallin sayarwa, wata murya tana ce maka bari ya ƙara kaɗan. Wannan muryar ce ta cinye mini wata goma sha ɗaya.

Ƙarfe huɗu na sake rubutawa: "Saura awa ɗaya."

Huɗu da minti arba'in wayata ta yi ƙara. Hoto ne. An sayar, duka. A ƙasa ya rubuta kalma biyu kawai: "Na fita."

Na rubuta alhamdulillahi, na goge. Na rubuta sannu, na goge. Daga ƙarshe na tura masa "To."

Alhamis da safe rahoton ya fito, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya yi kyau fiye da duk yadda aka zata. Kafin azahar opshan ɗin nan ya ninka sau huɗu. Da ya ƙi jin maganata ya kwana da shi, da ya biya hayar shekara uku har da labule. Yaya, wadda ba ta san hannun jari daga hannun riga ba, ta sa mijinta ya duba mata, ta turo mini saƙon murya na minti biyu da rabi.

"Malama mai fensir! Kin ga abin da kika jawo wa bawan Allah? Arziki ya zo har ƙofa kin ce ya rufe. In ni ce shi, wallahi ko Asabar ɗin ba zan zo ba."

Na saurara har ƙarshe, na ci burodina. Ku ji da kyau, ko yau aka maimaita, abin da zan ce masa ke nan. Ba a auna shawara da abin da ya faru rana ɗaya. Wanda ya tsallaka titi ido rufe ya kai lafiya, ba gwani ba ne. A kan wannan ban da ko ɗigon shakka. Abin da ya hana ni sukuni daban ne. Tun "Na fita" bai sake turo komai ba. Ba zargi, ba "kin gani ko", ba komai. Kuma shafin ƙarshe yana nan yana jira na. Sharaɗi ya cika, kuma a shekara huɗu ban taɓa ganin sharaɗin fita ya cika na tsaya ba. Na ɗauko abin gogewa daga jaka sau uku a ranar, ina mayarwa.

Juma'a da rana, ina bayan kanta da farin kot ɗina, ƙararrawar ƙofa ta buga. Shuɗiyar riga, jaka mai zif ɗaya. Idonsa ya faɗa kaɗan. Mai kantin ta dube shi, ta dube ni, ta ce za ta je banki, alhali da safe ta dawo daga can.

"Ka zo ka ce mini na jawo maka asara?" na riga shi.

"Wace asara? Na sa ɗaya na fita da kusan biyu, a kan abin da ban san kansa ba. Da ya juya, da yanzu ina ina?" Ya ajiye jakar a ƙasa. "Jiya na ga ya ninka, haushi ya kama ni, ba zan yi miki ƙarya ba. Na je na gyara firji uku har ya sake ni."

Ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro biro, shuɗi, sabo, ko murfinsa ba a taɓa cirewa ba. Ya ɗora a kan kanta tsakanina da shi.

"Wannan fa?"

"Na ga ni ma da fensir aka rubuta ni."

Na yi lissafi nan take. Shafi na hamsin da biyu yana tsakiyar littafi. Nasa yana can ƙarshe, bayan fararen shafuka kusan talatin.

"Ka bincike littafin duka ke nan."

"A'a."

"To ta yaya ka gani?"

Ya dafe aljihun da wayarsa take.

"Ba ni wayar. Hoton nake son gani."

"Malama, ki bar shi."

"Injiniya, ba ni wayar."

Ya daɗe yana kallona kafin ya buɗe ya miƙo. Hotuna biyu ne, shafin batir da shafinsa, duka a karkace, irin ɗaukar wanda bai saba ba. An shimfiɗa littafin a kan wani bargo mai ratsin kore da na sani sarai, bargon teburin gugarmu. A gefen kowane hoto akwai babban yatsa yana danne takardar kada ta rufe. Na buɗa hoton da yatsu biyu. Tabon yana nan, dogo, mai sheƙi.

Na jawo kujerar roba na zauna.

"Ita ta turo maka."

"Ta ce in duba ko akwai abin da zai rage wata shidan. Ba ta iya karanta rubutunki sosai ba, ta ɗauki inda ta ga lambobi da yawa, da inda ta ga an rubuta Firji." Ya shafa ƙeya. "Amma sa kuɗin, ni na sa. Ba ta ce in sa duka ba. Wannan haukata ce, kuma ya kamata in goge hoton tun ranar, ban goge ba."

"Ka karanta layi na uku?"

"Na haddace shi."

"Ka san abin da zai biyo baya in ka ce kai ne, kuma ka ce kai ne?"

"To in ce wa? In zauna a falonku, in sha ruwanku, in nuna mahaifiyarki da yatsa?" Ya ɗauki jakarsa. "Ni dai na kawo biro. In kin ga ban kai ba, ki ajiye shi, zai yi miki amfani a wajen rasit."

Ya fita, ƙararrawar ta sake bugawa. Na zauna ina kallon biron, sai ga wata mata da takardar likita, dole na miƙe na share ido na ce mata sannu da zuwa.

Shida da kwata na isa gida. Baba yana tsakar gida a kan tabarma, ya ɗago ya dube ni, na ce, "Baba, minti goma." Na wuce falo. Umma tana goge labulen da za a rataya gobe. Na tsaya a gabanta na ɗora hannuna a kan bargon.

"Umma, hoton ya karkace. In za ki sake, ki riƙe wayar da hannu biyu."

Ta tsayar da dutsen gugar a gindinsa. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, na ga faɗan ya taso har wuya, sai ya koma. Ta zauna a hannun kujera.

"Ya faɗa miki."

"Bai faɗa ba. Yatsanki ne ya faɗa."

Ta kalli yatsan kamar yau ta fara ganin sa. "Tun Talata ba na iya cin abinci. Na kira shi na ce zan gaya miki, ya ce in rufa masa asiri in yi shiru, wai tsakanin uwa da 'ya ba a sa tsaga." Ta goge ido da gefen zaninta. "Tsoro nake ji, Auta. Ke komai sai kin auna, sai kin jira, sai kin gwada. Na ga wata shida zai zama shekara, yaron kirki ya gaji ya tafi, ki zauna ke da littafi."

"Ke da kike ce masa caca."

"To da na ga injin wanki ai na rage faɗa."

Dariya ta ƙwace mini, hawaye na zuba. Na ce mata daga yau littafina da makulli zai riƙa kwana, kuma in tana son shiga kasuwa, zan saya mata nata littafin da fensir, ta yi wata uku kamar kowa. Ta ce Allah ya kiyaye, ita da caca.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Na zauna a bakin gado, na cire robar littafin, na buɗe shafin ƙarshe. Na yi wa abin lissafi yadda nake yi wa kowane ciniki, don soyayya ba ta hana ni ƙirga. Ya yi wauta, babba ma, kuma ba zan yi kamar bai yi ba. Amma an ce ya sayar ya sayar, a lokacin da kore yake hawa, abin da ni kaina na kasa a shekarata ta farko. Abu ya ninka a bayansa bai zarge ni ba. Kuma ya ɗauki laifin da ya san zai iya raba shi da ni, don kada in kalli uwata da wani ido.

Na cire murfin biron. Na bi kan layin farko harafi bayan harafi, ya ce fis ne. Na bi kan na biyu. Da na zo na uku na tsaya. Na ɗauki abin gogewa na goge shi tas, na hure ɓurɓushin. Na ɗora bakin biron a wurin, na jira wani sharaɗin ya zo mini. Ni da nake rubuta ƙofar fita kafin in san ta shiga, na yi minti biyar ban samu ko kalma ɗaya ba.

Daga tsakar gida Baba ya yi gyaran murya. "Auta, minti gomanki sun cika."

Na buɗe taga na ce, "Baba, ka ce musu su zo."

Sannan na yi abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Na shimfiɗa littafin a kan gado, na riƙe wayar da hannu biyu, na ɗauki shafin, na tura masa.

Ya karanta nan take. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Shuɗi ya yi miki kyau. Amma Malama, kin bar layi na uku ba komai."

Na kalli farin wurin, na kalli biron a hannuna, na mayar masa da murfinsa.

"Na sani," na rubuta. "Kada ka makara gobe."